Zaman Dirshan a Ofishin Auta

Mai gadin ya hango kujerar tun kafin ya gane mai ita. Tsohuwar kujerar ƙarfe ce mai naɗewa, fentinta ya gama gogewa, an ɗaure ƙafarta guda da waya, tana rataye a kafaɗar wata gajeruwar dattijuwa da ke takowa a hankali kamar mai zuwa dubiya. A bayanta jama'a ce da za ta cika bas guda, tsofaffi sun fi yawa, kowa riƙe da abin zamansa: wani da tabarma, wata da kwali, wani ma da tsohon bokitin fenti. Duk wanda ya taɓa gadin ofishin hukuma a garin ya san kujerar nan, ya kuma san ba ta zuwa wuri don a gaisa kawai.

"Goggo, barka da asuba," in ji shi, yana tare ƙofar da rabin jikinsa don dai kada a ce bai tare ba.

"Barka kadai, ɗan nan. Yaya ƙafar mahaifiyarka?"

"Da sauƙi, tana ta godiya. Goggo, yau kuma wa aka zo wa?"

"Darakta."

Ya leƙa bayanta, ya dawo da ido kanta, ya rage murya. "Darakta fa kika ce? Goggo, ai 'yarki ce."

"Na sani. Ina wurin aka haife ta. Matsa mini."

Ya matsa, har da taya wata tsohuwa ɗaga tabarmarta a bakin ƙofa.

Goggo Dirshan ake ce mata, sunan kuma ya bi ta har 'ya'yan cikinta ma Goggo suke kiranta. Ba ta taɓa riƙe lasifika ba, ba ta taɓa jifan kowa ba, dogon jawabi kuwa barci yake sa ta. Zama ta iya. Tun tana amarya ta gano haka, ranar da ta kai maƙwabciyarta asibiti ta tarar an ware wa mutanen bayan layin dogo benci daban a cikin rana, ba a kiransu sai an gama da kowa. Ta je ƙofar babban likita ta zauna ta yi gum. Aka yi lallashi, aka yi barazana, aka kira 'yan sanda suka ɗauke ta cak. Washegari ta dawo da mata 'yan uwanta, bayan nan da rabin unguwa. Da aka janye bencin, sai ta nemi kujera, don ta lura aikin na buƙatar wurin jingina baya.

Daga nan kujerar ta zaga gari. Ta zauna a caji ofis har aka kai samarin da aka tsare ba shari'a gaban alƙali. Ta zauna a ofishin ruwa har famfo ya tsallaka layin dogo, ta zauna a ofishin ilimi har aka buɗe wa kurame aji. Idan ba ta zaune a ofishin wani, to tana zaune a falonta, inda ba a rasa wadda aka kora daga aiki don ta samu ciki, ko tsohon da aka hana katin shaida, suna jira ta haɗa su da lauya. Ba kuma mai fita daga falon nan da yunwa, ko da ƙarar tasa ba ta da kai.

Wannan karon bas ce. Hukumar sufuri ta kawo sababbin motoci farare ƙal, sai aka wayi gari an ce ba za su ƙara tsallaka layin dogo ba, wai hanyar unguwar tana cin taya. Aka tuge allon tashar aka tafi da shi. Yanzu masu shara da masu gadi da 'yan makaranta sai sun taka har babban titi kafin su ga mota, wani majinyaci na layin su Goggo da ake yi wa wankin ƙoda kuwa, a baro matarsa ke tura shi asibiti. Goggo ta tambayi wanda ya sa hannu, aka yi ta kame-kame, ƙarshe dai aka gaya mata. Autarta ce, wadda aka yi wa ƙarin girma bara, wadda Goggo ta yi ta murna a kanta har maƙwabta suka gaji da jin labarin.

Tun da abin ya faru Auta ba ta tako gidan ba. Waya kawai ta yi.

"Goggo, ki bari na zo gida mu yi magana."

"A gida kika sa hannun?"

Auta ta fara inda-inda, Goggo ta katse ta.

"To a ofis za mu haɗu."

Ta faɗi hakan da ƙarfin hali, amma ranar abinci kasa wuce mata ya yi. Ba bas kaɗai ke cin ranta ba. Tsoro take kada ya zama ta ƙarar da rayuwarta tana fama da masu manyan tebura, ashe tana rainon wata a ɗakinta. Yau take son ta sani, ko ta wane hali.

A tsakiyar matakala ta tsaya ta maida numfashi, ta juyo ta dubi rundunarta. Na kusa da ita su ne na hannun damanta tun farko: Ungozoma, wadda rabin unguwa a hannunta suka faɗo duniya, da Tela, wanda ya ɗinka duk wani ƙyallen zanga-zanga da aka taɓa ɗagawa a garin, yanzu ido ya yi rauni sai da tabarau biyu, ɗaya a hanci ɗaya a goshi.

"Kun dai san doka," in ji Goggo. "Ni kaɗai zan faɗi buƙata, kuma ba na maimaitawa. Daga nan ba mai cewa uffan. Ko ruwansu ba a sha. Ba a tashi sai an biya."

"Haba Goggo, mu za ki koya wa?" in ji Tela. "Tun gashina yana baƙi nake aikin nan."

"Wane gashin? Tun lokacin ma kanka tas yake," in ji Ungozoma.

"Ke nake wa magana musamman." Goggo ta nuna ta da yatsa. "Ba Auta muka zo gani ba. Darakta muka zo wa."

"Ni?" Ungozoma ta dafa ƙirji. "Ni da babban ɗan sanda ya yi ta kumfar baki a kaina ban ƙifta ido ba? Allah ya sawwaƙe."

Ɗakin jiran Darakta dogo ne, da fanka guda tana juyawa cikin kasala, da teburin sakatare a kusa da ƙofar ciki. Sakataren, wani siririn mutum mai furfura a gemu, ya miƙe da biro a hannu. Jama'a suka shige shi suka jera a gindin bango yadda suka saba, masu ciwon gwiwa a kan bokiti da kwali, sauran a tabarma, aka bar hanya a tsakiya don kada a samu abin kama su da shi. Goggo ta ware kujerarta daidai fuskantar ƙofar ciki.

Ba a daɗe ba ƙofar ta buɗe. Auta ta fito, doguwa kamar marigayi mahaifinta, cikin kwat mai ruwan toka da tabarau. Goggo ta miƙe tsaye.

"Ranki ya daɗe, Darakta. Mun zo a dawo mana da bas bayan layin dogo."

Ta koma ta zauna, ta zaɓi wani ɗan tabo a jikin bango, ta kafa masa ido.

A irin wannan gaɓa Goggo ta san abin da daraktoci ke yi. Wani ya buga ƙofa, wani ya hau murmushin yaudara, wani ya ruga kan waya. Abin da ta manta shi ne, wannan daraktar a cikin zaman dirshan ta girma. A barandar ofishin ruwa ta koyi tafiya, tana dafa gwiwoyin mutanen nan ɗaya bayan ɗaya. A goye a bayan Goggo ta taɓa shiga bayan kanta a caji ofis tana jaririya. Ta san su ciki da bai, ta san inda kowa ke da laushi.

Ta cire tabarau ta ajiye a teburin sakatare, ta taka har gaban Ungozoma, ta durƙusa har ƙasa.

"Iya, ina kwana."

Ungozoma ta ɗaga kai tana nazarin fanka.

"Iya, an tashi lafiya? Yaya bayan naki? Kina shafa maganin kuwa?"

Ungozoma ta ƙara ƙura wa fanka ido. An horar da ita a kan zagi, an horar da ita a kan kulki, amma ba wanda ya taɓa koya mata yadda ake share yarinyar da ka yanke wa cibiya tana durƙushe a gabanka a kan siminti mai sanyi. Ta ɗan gyaɗa kai kaɗan, don gyaɗa kai ba magana ba ce. Tsautsayi ya sa idonta ya sauko kan wuyan Auta.

"Ke! Wannan ƙashin wuyan fa? Ba kya cin abinci ne?"

Ta rufe baki da tafin hannu, amma maganar ta riga ta fita.

Tela, da ya ga abin da ya samu abokiyar tsokanarsa, sai ya runtse ido gam. Auta ta matsa gabansa ta gaishe shi, bai motsa ba. Ta ɗan miƙa hannu kamar mai gyara zama, hannun kwat ɗin ya zo daidai hancinsa. Ya buɗe ido ɗaya. Ya sauko da tabarau na goshi ya ɗora a kan na hanci.

"Wane mugun ne ya ɗinka miki wannan hannun?"

"A kanti na saya, Baba."

"A kanti! Ina raye? Dubi yadda ya tattare kamar an ja bakin buhu. Cire ki ba ni." Ya riga ya zaro allura daga cikin hularsa.

Daga nan abin ya zube kamar tsohuwar katanga a damina. Auta ta bi layi tana durƙusawa, ta san sunan jikan kowa, ta san wanda aka yi wa aikin ido da wadda ɗanta ya samu aiki. Wata ta ciro waya tana nuna mata hoton jaririn da aka haifa mata. Wani tsoho ya tuna ranar da ta yi masa fitsari a cinya a ofishin ilimi, aka kwashe da dariya. Can sai ga sakatare da babban fulas da kofuna a tire. Nan dai aka ɗan yi turus, kowa ya tuna doka.

"Nawa ne daga gida," in ji Auta. "Ba na ofis ba ne."

Aka dubi Ungozoma. Ta yi ɗan nazari irin na alƙalai. "In dai daga gida ne, ai shayin 'yarmu ne. Zuba mini, kada ka cika sukari."

Goggo tana zaune kamar ta fashe. Babban tashin hankalinta shi ne ba ta da ikon yi musu tsawa, don in ta yi, ita ma ta karya doka. Harara kawai ta rage mata, hararar da ta sha sa 'yan sanda gyara hula. Ta aika wa Ungozoma, Ungozoma ta ɓoye fuska a kofi. Ta aika wa Tela, shi kuwa bai ma gani ba, yana can yana farke ɗinkin kanti cikin jin daɗi. Shekara da shekaru ba a taɓa rusa mata zama ba, yau ga shi an rusa shi da gaisuwa da shayi. Ta kasa gane ko dabara ce yarinyar ta yi, ko kuwa kewar mutanen ce ta kama ta. Ta fi zargin duka biyun ne, kuma a can ƙasan haushinta akwai wani abu mai kama da alfahari, wanda ta yi maza ta danne.

A ƙarshe Auta ta iso gabanta ta durƙusa.

"Goggo, ina kwana."

Ko gezau.

Auta ta rage murya yadda su biyu kaɗai za su ji. "Na yi musu a taron, wallahi na yi. Ni kaɗai na ce a'a. Shugaban hukuma ya ce ko na sa hannu, ko a kawo wanda zai sa. Na ga in ina nan, wata rana zan iya dawo da ita. In na tafi kuwa, shi ke nan." Ta jira. "Ki ce wani abu mana, Goggo, ko zagi ne."

Goggo ta ci gaba da kallon tabon bangonta. Ta sha jin wannan bayanin a bakin mutane da yawa, wasunsu ma da gaske suke. Sai dai ba ta taɓa jinsa da muryar da ta saba ce mata tana jin yunwa ba. Duk da haka ba ta bari ko gira ta motsa ba. Auta ta miƙe idonta jajir, ta shige ofis da rigar ciki kawai, don kwat ɗin na hannun Tela.

Da shayi ya ƙare, kunya ta sauko. Ɗaya bayan ɗaya aka ajiye kofuna a hankali, aka koma gindin bango, aka yi tsit kamar yaran da malami ya shigo musu aji ba zato. Ungozoma ta matso ta raɗa, "Goggo, ki yi haƙuri, tsautsayi ne." Ba ta samu ko kallo ba.

Rana ta take, fanka tana ta juya iska mai zafi. Masu zuwa neman Darakta su leƙo su ga ɗaki cike da tsofaffi sun yi shiru, su juya da sanɗa. Bayan azahar wata mata ta shigo, ƙafafunta butu-butu, ta nemi ƙarshen tabarma ta zauna kusa da kujerar Goggo. Matar mai wankin ƙoda ce. Ta baro shi a asibiti an jona masa na'ura, ta zo ta yi nata zaman kafin lokacin ɗauko shi.

Auta ta fito karɓar wani fayil a wurin sakatare, idonta ya faɗa kan matar. Benci ɗaya suka zauna a firamare. Fuskarta ta washe, ta ƙaraso da sauri ta kama hannuwanta biyu.

"Ƙawata! Ke ma kin zo? Yaya mai jikin?"

Matar ba ta amsa ba. Ita ba ta goyi Auta ba, ba ta ɗinka mata rigar makaranta ba, ba ta da wani laushi da za a taɓa. Ta bar mata hannuwan kawai, tana kallon gabanta. Auta ta ji wani kaushi a cikin tafinta, ta juya hannuwan ta duba. Hannun baro ya yi musu kanta, wani wurin ya fashe ya warke, wani wurin sabo ne. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta ajiye su a hankali a cinyar mai su, ta koma ciki, ta manta da fayil ɗin, ta kuma manta ba ta rufe ƙofa sosai ba.

Shi ya sa da wayar teburinta ta yi ƙara, kowa ya ji. Shugaban hukuma ne daga bene na sama, mutum ne kuma da ko a waya ba ya buƙatar waya.

"An ce mini ofishinki ya koma gidan biki! Mahaifiyarki ce ko kakarki, ba ruwana. Kafin a tashi aiki, ko ki kira 'yan sanda su kwashe su, ko ke ki kwashe naki kayan. Kin ji ni?"

Ba a ji amsar Auta ba, sai ƙarar ajiye waya.

Goggo ta dubi ƙofar ciki. A sanadin kujerar nan an sauke daraktoci, an canza wa wasu wurin aiki, ba ta taɓa tambayar inda suka nufa ba, barcinta ma ba ya raguwa. Amma wannan ta san ta. Ta san yadda ta yi aikin makaranta a kan gwiwarta a barandar ofisoshin mutane. Ta san shekarun da ta yi tana hawa matakalar nan daga ƙaramin tebur na bakin ƙofa. Ta san yaranta ƙanana da ke jiran ta a gida. Sai ta tsinci kanta tana wata addu'a da ba ta taɓa yi ba: Allah ya sa yarinyar nan ta kira 'yan sanda. Ai ɗauka ba baƙon abu ba ne. Su ɗauke ta yau, gobe ta dawo, ta haura bene na sama ta zauna wa mai babbar muryar. Har ta fara shiri, ta ƙara ɗaure zani, ta laluba maganin hawan jininta ta tura shi cikin jaka.

Ƙofa ta buɗe. Auta ta fito ba takalmi, tana riƙe da shi a hannu. Ta ajiye shi a gefen bango a jere da silifas ɗin tsofaffi, ta juya ga sakatare.

"Hau ka gaya wa Shugaba, Darakta ta ce a dawo da bas bayan layin dogo."

Sakatare ya miƙe tsaye. "Ranki ya daɗe, in ya ce sai me kuma?"

Ba ta maimaita ba. Ta zo tsakanin kujerar Goggo da ƙawarta ta firamare, ta zauna daɓas a kan siminti, ta naɗe ƙafa, ta ɗaga kai ta zaɓi wurinta a bango.

Shirun da ya sauka a ɗakin ba irin na ɗazu ba ne mai kunya a ciki. Na gaske ne, irin wanda ke sa a ji motsin fanka. Tela ya tsaya da allura a sama. Sakatare ya dubi Darakta a ƙasa, ya dubi kujerar Darakta ta ƙofar da aka bari a buɗe, ya rasa wadda zai nemi izini a wurinta, ƙarshe ya kwasa da gudu ya yi bene.

Daɗi ne ya fara zuwa wa Goggo, wani irin daɗi da ya cika mata ƙirji. Amsar da ta zo nema ga ta nan zaune a gefen ƙafarta. Amma bai daɗe ba tsoro ya biyo bayansa ya ture shi. Ta saci kallon kan 'yarta daga sama, ta ga 'yar furfurar da ta fara fito mata a gefen kunne, wadda ba ta taɓa lura da ita ba.

"Auta," in ji Goggo.

Ɗakin gaba ɗaya ya juyo. Akwai waɗanda suka tsufa a bayan kujerar nan ba su taɓa jin sauti ya fito daga kanta ba.

"Auta, tashi. Korar ki za su yi."

Auta tana kallon bango.

"Ke, da ke nake. Tashi ki kira 'yan sandan nan, wallahi ba zan yi fushi ba. Ba yau suka fara ɗaukata ba, sun ma san yadda ake riƙe mini ƙugu."

Ko ƙifta ido.

"Ki tuna da yaranki mana. In sun kore ki wa ya ci riba? Wani za su kawo, wanda ko layin dogon bai taɓa tsallakawa ba." Da ta ga lallashi bai ci ba, sai ta ɗaure fuska ta ɗaga murya. "Ni na haife ki fa! Ina magana kina yi mini kunnen uwar shegu?"

Kafaɗun Ungozoma sun fara rawa, ta cusa gefen mayafi a baki.

Goggo ta sunkuyo, ta sassauta murya har ta koma roƙo. "Haba 'yar albarka. Tashi mu shiga ciki mu yi magana cikin natsuwa. Irin wannan abu a hankali ake binsa. Ki yi haƙuri ki tashi, za a duba..."

Ta tsaya cak, baki a buɗe. Za a duba. Babu kalmar da ta tsana a duniya kamar wannan. Babu daraktan da bai sunkuyo kanta ya faɗa mata ita ba, da irin wannan muryar, da irin wannan gumin a goshi. Yau ga ta ta fito daga bakinta ita kanta, sumul, kamar da ma can tana ajiye a ƙarƙashin harshe.

Tela ya leƙo ta saman tabarau biyu, ya yi gyaran murya cikin ladabi.

"Goggo, da girmanki da komai. Ana zaman dirshan."

Dariya ta ɓarke a gindin bango, kowa yana ƙoƙarin danne tasa, wata har da tari. Ƙawar firamare ma sai da bakinta ya motsa. Auta kaɗai ce ba ta yi ba. Goggo ta leƙo sosai ta dubi fuskar: haɓa a ɗage, leɓe a matse, ido a kafe, babu ta inda za a shiga. Duk tsawon shekarun nan ba ta taɓa ganin fuskar nan ba, don kullum tana bayanta ne. Ashe haka take. Ashe abin da bayin Allah suka yi ta kallo ke nan. Gaskiya ba ta da daɗin kallo, in ji ta a ranta, sai ta ji dariya da hawaye sun taso mata tare.

Daga matakala aka fara jin takun takalma masu nauyi suna saukowa, da babbar murya tana tambayar wai ina Daraktar take. Jama'a suka gyara zama, aka tura kofunan shayi bayan tabarma, fuskoki suka koma kamar ba a taɓa dariya a ɗakin ba.

Goggo ta goge ido da bayan hannu. Ta miƙe bayanta, ta rufe bakinta, ta bi kallon 'yarta har bango, ta kafa nata idon a gefensa.